Injin Wanki Mai Buɗewa Ta Sama: Matsalolinsa da Gyaransa a Ƙasar Gumel

Injin wanki mai buɗewa ta sama na'ura ce mai aiki da lantarki, wadda ake zuba wa tufafi ta murfin da ke bisa kanta, ta cuɗa su cikin ruwa da sabulu, ta ɗauraye, sannan ta matse. Bahonsa a tsaye yake, saɓanin injin mai ƙofa a gaba wanda gangarsa ke kwance. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, ana samunsa a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da shagunan wanki da guga, yana kuma shiga cikin kayan ɗakin amarya a gidajen masu hali. Yawancin abin da ke tsayar da shi a wannan yanki daga waje yake zuwa: raunin wuta, ƙarancin matsin ruwa, yashi, da daɓen da aka ɗora shi a kai. Saboda haka binciken matsalarsa daga soket da tanki ake fara shi, kafin a kai ga kwance murfin baya.

Asali da ire-irensa

Injin wanki mai lantarki ya shiga kasuwa a Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma Thor na kamfanin Hurley da ke birnin Cikago, wanda ya fito wajen 1908, yana cikin na farko-farko. A 1922 kamfanin Maytag ya fito da mai sanda a tsakiyar baho wadda ke kaɗa ruwa daga ƙasa. Bendix ya kawo mai sarrafa kansa a 1937, amma mai ƙofa a gaba ne. General Electric ya biyo baya da mai buɗewa ta sama a 1947. A Japan, Sanyo ya fitar da mai faifai a 1953, a Ingila kuma Hoover ya yaɗa mai baho biyu daga 1957. Injinan da ake sayarwa a Nijeriya a yau, irin su Haier Thermocool, LG, Samsung, Hisense, Scanfrost da Midea, galibi tsarin Asiya suka bi: faffaɗan faifai mai tudu-tudu a gindin baho, yana juyawa dama ya tsaya ya koma hagu.

Iri biyu ne. Na farko shi ne mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Mutum ne ke zuba masa ruwa da bokiti ko tiyo, ya murɗa taima, in ya gama ya kwashe kayan da hannu ya mayar da su ɗaya bahon. Cikinsa babu wani abu mai wuyar ganewa: moto biyu, kafasita, bel, ƙaramin akwatin giya a ƙarƙashin faifai, taima biyu masu sifirin (ta wanki minti 15, ta matsa minti 5), bawul ɗin zubar da ruwa da igiya ke ja, sai birkin bahon matsa. Na biyu shi ne mai sarrafa kansa. Baho ɗaya gare shi a cikin wani babban baho da ke rataye a kan sanduna huɗu masu sifirin. Shi ke ɗibar ruwansa ta bawul mai lantarki, ya auna yawansa, ya wanke, ya zubar, ya ɗauraye, ya matse, duk bisa umarnin wani allon lantarki da masu gyara ke kira bod. Ya fi sauƙin amfani, ya fi kuma yawan sharuɗɗa.

Yanayin wurin

Gumel tana kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano, iyakar Nijar kuma tana wajen kilomita 20 a arewacinta, a Maigatari. Ƙasar rairayi ce. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, hunturu na zuwa da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa, a watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Ruwan amfani daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa: rijiyoyi masu zurfi, burtsatse, famfon tuƙa-tuƙa, da jarkokin masu ga-ruwa. Gida mai famfo a ciki galibi daga tankin da aka ɗora a kan ƙarfe ko kan rufi yake samun ruwa.

Wuta tana hannun kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba lantarki a jihohin Kano, Katsina da Jigawa a watan Nuwamban 2013. A ƙa'ida bolt 230 ya kamata ta zo da shi. A aikace takan zo ƙasa da haka a unguwannin da taransifoma ta yi wa kaɗan, takan kuma ɗauke ba sanarwa. A ƙarshen Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareta don wanki ya zama abin lissafi, gidaje da dama kuma sun koma sola.

Injin mai sarrafa kansa an ƙera shi ne da tunanin gida mai famfo mai ƙarfi, da wutar da ba ta rawa, da daɓe shimfiɗaɗɗe. Inda ba a cika waɗannan ba, mai baho biyu ya fi dacewa, ko da yake ya fi ba da aiki.

Wuta

Idan inji ya ƙi tashi gaba ɗaya, ana fara gwada soket ɗin da dutsen guga ko fanka. Daga nan sai filogi: irin mai ƙafa uku yana da fis a ciki, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ya ƙone. Wayar ƙari mai siriri, wadda ake ja daga ɗaki zuwa tsakar gida, takan yi zafi ta narke a wurin haɗi, ta kuma rage ƙarfin wutar da ke isa ga moto. Ɓeraye ma suna son ƙarƙashin injin wanki, don akwai laima da duhu, kuma suna cin robar waya. A gidan da ake ajiye gero ko riɗi kusa da wurin wanki, ya kamata a leƙa ƙasa a duba.

Matsalar da ta fi yawa ita ce inji ya yi gurnani amma faifai ya ƙi juyawa. Abubuwa uku ke kawo haka, kuma ana iya rarrabe su ba tare da kayan aiki ba. Na farko raunin wuta: idan ƙwan fitila ya dusashe, fanka tana tafiya a hankali, to wutar ce ba ta kai ba. Moton da bai samu isasshiyar wuta ba yakan tsaya yana jan ta fiye da ƙima, kwayil ɗinsa na ɗaukar zafi, kuma mintuna kaɗan sun isa su ƙona shi. Sai a kashe nan take. Na biyu kafasita, wadda aikinta shi ne ba moto turin farko, kamar yadda ake tura motar da batirinta ya yi sanyi. Alamar mutuwarta ita ce, in aka cire filogi aka juya faifai da hannu a bahon da babu kaya yana tafiya sumul, amma in aka kunna sai gurnani, ko ya juya da ƙyar in babu kaya ya tsaya in an zuba. Sau da yawa akan gan ta ta kumbura ko ta tsage. Zafin bazara da hawa da saukar wuta suna rage mata kwana. Na uku wani abu ne ya maƙale a ƙarƙashin faifai, ko kuma kaya sun yi yawa.

Ana sauya kafasita da mai lamba iri ɗaya. A injin mai baho biyu galibi guda ɗaya ce mai ɗauke da biyu a ciki, misali maikrofarad 10 na moton wanki da 5 na moton matsa, a kan bolt 450. Sanya wadda ta fi girma don inji ya ƙara ƙarfi al'ada ce da ke ƙarewa da ƙona kwayil. Kafasita takan riƙe wuta ko bayan an cire filogi, don haka ba a taɓa bakinta da hannu sai an sauke cajin.

Yawancin motoci na da wani ɗan makashi a cikin kwayil wanda ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Injin da ya tsaya a tsakiyar wanki na uku ko na huɗu a jere, da rana tsaka a watan Afrilu, ya kuma dawo da kansa bayan rabin sa'a, wannan makashin ne ya yi aikinsa. Maganinsa hutu tsakanin wanki da wanki, da inuwa.

Injin mai buɗewa ta sama galibi ba ya dafa ruwa, saboda haka abin da yake ci bai cika wuce wat 300 zuwa 500 ba, alhali mai ƙofa a gaba, idan ya kunna hita, yakan kai wajen wat 2,000. Wannan ne ya sa ya dace da sola. Sai dai a lokacin tashi moto kan ja ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana tafiya, kuma faifai na tsayawa ya sake tashi duk bayan 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ke shaƙewa yana hayaƙi da kowane juyi, musamman in firiji na kan layi. Inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take ba tana sa moto ƙara da zafi, tana kuma rikita bod. Shi bod ɗin, abin da ya fi kashe shi shi ne bugun da wuta ke yi a lokacin da aka dawo da ita, da tsawa a farkon damina. Cire filogi da zarar an ɗauke wuta ba ya cin ko sisi, sitabilaiza kuma ta fi bod araha.

Shigar ruwa

Wannan matsala ta injin mai sarrafa kansa ce. Bawul ɗinsa ba ya buɗewa sosai sai ruwa ya zo da matsi, kuma yawancin littattafan umarni suna neman aƙalla matsin da ya yi daidai da ruwan da ya sauko daga tsayin mita 3 zuwa 5.  Tankin da aka ɗora a kan bulo biyar ko a kan ɗan gajeren ƙarfe ba zai ba da wannan ba. Sai ruwa ya riƙa ɗiga, inji ya jira iya lokacin da aka tsara masa, ya gaji ya yi ƙara ya tsaya. Tsayin da ake aunawa kuwa daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa bakin bawul, don haka injin da ya yi aiki lafiya da safe tanki na cike zai iya ƙi da yamma. Ana magance wannan da ɗaga tanki, ko sanya ɗan ƙaramin famfon ƙara matsi, ko amfani da bututu mai faɗi marar lanƙwasa da yawa. Wasu kan zuba ruwa da bokiti har inji ya ji ya cika. Yana yiwuwa a wasu injinan, amma sai an tsaya a kansa a sake zubawa a kowace ɗauraya, wanda ke nufin an sayi mai sarrafa kansa ana yi masa hidimar mai baho biyu.

A bakin bawul, inda tiyo ke shiga, akwai wata 'yar rariya da ba ta fi kan babban yatsa ba. Burtsatsen da ke cikin rairayi yakan turo yashi mai laushi, tankin da rana ke ratsawa kuma yakan yi gansakuka, duk a nan suke taruwa. Ana rufe famfo, a kwance tiyo, a zaro rariyar da filaya a hankali, a goge ta da tsohon buroshin haƙori, a mayar. Ba a jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu: ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin robar bawul, ruwa ba zai daina shiga ba ko inji a kashe yake, sai a wayi gari baho ya cika ya tumbatsa, tanki ya ƙare.

Idan ruwa na shiga ba tsayawa sai an kashe inji, to laifin na ma'aunin ruwa ne. Wani siririn tiyo ne ya taso daga gindin baho zuwa sansa da ke sama. Ruwa na ƙaruwa yana matse iskar da ke cikinsa, sansa na ji. In ɓera ya huda shi, ko ya zame, ko dauɗar sabulu ta toshe shi, inji ba zai san ya cika ba.

Yawan ruwan ma abin dubawa ne. Mai sarrafa kansa mai ɗaukar kilo 7 ko 8 yakan sha lita 100 zuwa 150 a wanki ɗaya, wato jarka huɗu zuwa shida masu lita 25. Ga mai sayen ruwa, wannan kuɗi ne. A mai baho biyu ana iya wanke farare, a bi da masu launi a ruwa ɗaya, a kuma tari ruwan ɗauraya a yi yayyafin tsakar gida da shi.

Yashi, aljihu da fitar ruwa

Tufafin da aka sa a gona ko a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis suna dawowa da yashi a naɗin wando da gindin aljihu. Yashin ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a ƙarƙashin faifai, ya riƙa goge robar da ke hana ruwa bin sandar giya, ya kuma taru a bawul ɗin zubarwa. Kaɗe kaya da juya aljihu kafin a zuba su shi ne rabin kula da inji a wannan ƙasa. Bayan damina akwai ƙarangiya, wadda ke manne wa safa da bakin zane, ta saki a cikin ruwa ta haɗu da zare ta zama dunƙule. Lokacin sussuka akwai ƙaiƙayi. Abin da masu gyara ke tsinta a ƙarƙashin faifai ya haɗa da fil ɗin hijabi, allura, guntun asuwaki, 'ya'yan carbi, ƙusa, da kwandalar sefa daga aljihun masu tsallaka iyaka. Ƙarar ƙarfe na karce roba a lokacin wanki alamar ɗaya daga cikinsu ce.

Cire faifai ba wuya: a cire filogi, a ɓalle ɗan murfin tsakiya, a kwance noti ko sukurun da ke ƙarƙashinsa, a ɗaga faifan sama. In ya ƙi, ana zura igiya ta ƙarƙashinsa ta ɓangare biyu a ja daidai. A duba haƙoran da ke ramin tsakiyarsa. Idan sun cinye, moto zai yi ta juyawa, sanda na juyawa, faifai na tsaye, kuma faifan kawai za a sauya. Idan kuwa ana jin moto na gudu sanda ba ta motsi, sai a buɗe baya a duba bel, wanda kan saki ko ya tsinke. Bel mai kyau, in an danna shi da yatsa a tsakiya, ba ya lotsawa fiye da kimanin santimita ɗaya.

Ruwa ya ƙi fita: a nan sai an san irin injin. Yawancin masu buɗewa ta sama ba su da famfon turo ruwa, gangara kawai suke bi. Tiyonsu a ƙasa yake kwanciya, kuma in ya hau tudun da ya wuce kimanin santimita 10, kamar dokin ƙofa ko bakin kwata, ruwa zai tsaya. Masu famfo kuwa akasin haka ne: ana rataye tiyonsu a tsayin santimita 60 zuwa 100, in aka kwantar da shi ruwa zai riƙa zurarewa inji na ƙara ɗiba. Tiyon da ya daɗe a rataye ba a yi amfani da shi ba, zanzaro kan gina ɗakin laka a bakinsa.

A mai baho biyu, idan aka murɗa maɓallin zubarwa aka ji shi sakwaf, igiyar da ke jan bawul ce ta tsinke ko ta zame. Idan kuma baho ba ya riƙe ruwa, ana zubawa yana fita, to wani abu ne ya tokare robar bawul. Ta baya ake kwance murfinsa, a zaro sifirin da robar, a wanke yashi da zare.

Matsa da girgiza

Bahon matsa na mai baho biyu yana gudu wajen zagaye 1,300 a minti, na mai sarrafa kansa kuma 700 zuwa 800. A irin wannan gudu, jiƙaƙƙen bargo ɗaya da ya kwanta gefe guda ya isa ya sa inji bugun jikinsa yana tafiya. Bargo, darduma, labule da babbar riga su ne suka fi kawo haka, dogon hijabi da zariyar wando kuma sukan naɗe sauran kaya su mai da su curi ɗaya. Ana tsayar da inji, a warware, a baza kayan daidai. A bahon matsa ana sa masu nauyi a ƙasa, a danne, a ɗora faifan robar da ya zo da injin. Wannan faifan shi ke fara ɓata a gida mai yara, rashinsa kuma ke sa safa ko ɗankwali ya yi tsalle ya faɗa tsakanin baho da bango, ya naɗe sanda.

Daɓe na da nasa rabon. Injin da aka ajiye a kan rairayin tsakar gida, ƙafa ɗaya za ta nutse da zarar ruwa ya jiƙa wurin. Daɓen siminti na wurin wanki kuma da gangara ake yinsa. Ana gane daidaito da zuba ruwa kaɗan a baho a dubi ko ya kwanta daidai da layin ramukan jikinsa, sannan a murɗa ƙafar da ke murɗuwa. Idan daɓe daidai ne, kaya a baje suke, girgiza ba ta daina ba, sandunan rataya ne suka saki, kuma huɗun ake sauyawa tare.

Inji ba ya matsa in murfi a buɗe yake, ko in makunnin murfi ya lalace, ko in ruwa bai gama fita ba. A mai baho biyu, murfin yana haɗe da birki ta wata waya. In ta saki, birki zai riƙe baho ko an rufe murfi, moto na gurnani. Wasu masu gyara kan haɗe wayoyin makunnin ko su cire birkin don aiki ya tafi. Wannan ganganci ne: baho mai wannan gudu yana karya hannu, kuma yara ne ke zura hannu.

Ƙarar ruwa da ake ji a bakin bahon mai sarrafa kansa in an girgiza shi ba matsala ba ce. Zobe ne rufaffe mai ruwan gishiri a ciki, an sa shi don daidaita juyi, ba a huda shi.

Ɗiga da jan wuta

Ruwa a ƙarƙashin inji yakan fito daga tiyon da rana ta busar ya tsage, ko wurin haɗi, ko kumfar da ta yi yawa ta malalo. Robar inji ba ta jure zama a rana; a shekara biyu ko uku sai ta yi fari ta riƙa karyewa. Mafi haɗari ita ce ɗigar da ke biyo sandar bahon matsa, domin moton matsa a ƙarƙashinta yake kai tsaye. In robar da ke wurin ta yage, ruwa kan kwayil yake sauka. Wannan ne kan gaba wajen ƙone moton matsa, shi ne kuma ke sa inji ya fara jan mutum.

Gidaje da yawa an yi musu wayarin ba tare da wayar ƙasa ba, ga mai wanki tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe. Injin da ya fara ja, ko kaɗan ne, ba a ci gaba da amfani da shi sai an gano inda wuta ke zuba. Ana buƙatar soket mai wayar ƙasa da aka haɗa da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, kuma a busasshen rairayi sandar sai ta yi zurfi kafin ta yi amfani. Ƙara na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zuba ya fi tabbas.

Wankin da bai fita ba

Kilon da aka rubuta a jikin inji na busassun kaya ne, kuma kaya na buƙatar wurin juyawa. Baho in ya wuce kashi biyu cikin uku, faifai ruwan ƙasa kawai yake kaɗawa. Ruwan wasu rijiyoyi yana da sinadaran alli da ke hana sabulu kumfa. Sabulun sanda da sabulun salo in suka haɗu da irin wannan ruwa sukan bar farin tabo a kan tufafi da bayan baho, don haka garin sabulu ya fi dacewa, a narka shi kafin a zuba kaya, musamman da sanyin hunturu. Ɓarɓashi baƙi-baƙi a kan fararen kaya, da warin rima, daga dauɗar da ta taru a bayan baho suke. Ana cika baho da ruwa ba kaya, a zuba bilic, a bar shi ya jiƙa, a kunna, a zubar. Ruwan khal ko garin tsamin lemo na narka allin. Ba a haɗa bilic da waɗannan a ruwa ɗaya, don suna fitar da iskar kulorin mai guba. Ragar tace zare da ke jikin baho ana wanke ta bayan kowane wanki, a bar murfi a ɗan buɗe har ciki ya bushe, sannan a lulluɓe saboda ƙura.

Ba kowace tufa ce ta inji ba. Shadda mai tsada takan rasa ƙyallinta in faifai ya cuɗa ta, aikin wuyan babbar riga yakan tsinke, leshi mai duwatsu yakan zubar da su su shige bawul, hula kuwa dama aikin masu wankin hula ce. Atamfa sabuwa da rinin da ke zuba sai a ware su. Akwai kuma batun tsarki. A mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin, najasa ba ta gushewa sai da ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, shi ya sa gidaje da yawa ke wanke wurin najasa da hannu kafin a zuba tufa cikin inji, su kuma yi ɗaurayar ƙarshe da sabon ruwa. Injin da ba ya zubar da ruwan sabulu gaba ɗaya kafin ya ɗebi na ɗauraya yana da matsalar da ta wuce ta tsafta.

Haruffan da ke fitowa a allo

Masu sarrafa kansu suna nuna matsala da haruffa, kowane kamfani da nasa. A injinan LG, IE na nufin ruwa bai shiga ba, OE bai fita ba, UE kaya sun karkata, dE murfi bai rufu ba, PE kuma sansar ruwa. A na Samsung, 4E ko 4C shigar ruwa ne, 5E ko 5C fitarsa. Harafin yana faɗin abin da inji ya kasa yi ne kawai. IE a gidan da tanki ya yi ƙasa ba ya nufin bawul ya lalace.

Masu gyara da kayan gyara

Gyaran injin wanki a garuruwan yankin galibi yana hannun masu gyaran firiji da fanka da masu naɗin kwayil. Kafasita, bel, taima da tiyo ba su da wuyar samu, kuma sukan yi daidai tsakanin kamfanoni daban-daban. Bod, kuloci, akwatin giya da sandunan rataya kuwa sai an aika Kano, wajen kasuwar Sabon Gari, wani lokaci har kasuwar Alaba a Legas. Mai aikawa ya haɗa da tsohon abin da aka cire, da hoton takardar da ke manne a bayan inji mai ɗauke da lambar samfurinsa, domin akwatin giya kaɗai ya bambanta a tsawon sanda da yawan haƙora. Inji mai garanti ba a kwance shi a gida, kuma sai da rasit ake karɓar ƙorafi.

Moton da ya ƙone ana iya sake naɗa shi. Ingancin aikin ya dogara da kaurin waya da yawan naɗi, da kuma ko an mayar da makashin zafi, wanda wasu ke cirewa su yar. Kafin a mayar da moton matsa da aka naɗa, dole a sauya robar da ta bar ruwa ya sauka a kansa, in ba haka ba zai sake ƙonewa.

Injinan gwanjo suna da tasu matsalar. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake ci, na Japan bolt 100, kuma in aka soka su a wutar Nijeriya ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take suke ƙonewa. Na Amurka an kuma yi shi ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, ta Nijeriya kuwa 50 ce, don haka ko da taransifoma motonsa ba ya kai gudunsa, yana kuma ɗaukar zafi. Ana duba wannan a takardar bayan inji kafin a biya kuɗi, tare da neman a zuba masa ruwa a gwada wanki da matsa a gaban mai saye.